Aji ko ofishin lauya: da wanne za a fara aikin dokar baƙi da 'yan gudun hijira a Sudan?

Tambaya: Assalamu alaikum Ustaz. Ni 'yar Gadarif ce, na gama karatun shari'a, na kuma ci jarrabawar mu'adala, ta shiga aikin lauya. Burina in yi aiki a kan dokar shige da fice da haƙƙin ɗan Adam. An ba ni gurbin mataimakiyar malami a jami'a, wani lauya a Kasala kuma ya yarda in yi horo a ofishinsa, yawancin shari'unsa na 'yan gudun hijira ne. Wanne zan sa a gaba? Ana iya haɗa su? Me ya kamata in fara koya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Barka da cin mu'adala, Allah ya sanya albarka.

Ki sa ofis a gaba. Koyarwar kada ki yar da ita, amma ki nemi a rage miki ita yadda ba za ta hana ki zuwa kotu ba, ko da aji ɗaya ne a mako. In jami'a ta ce ko duka ko babu, ki roƙe su su ɗaga miki shekara guda, ki tafi Kasala. Dokar aikin lauya ta 1983 ta ɗora wa mai neman lasisi horo na shekara a hannun lauya, kuma a wannan fanni shekarar nan ita ce karatun gaske. Tsakanin Gadarif da Kasala ya fi kilomita 200, ga shingayen bincike a hanya, don haka kada ki yi lissafin cewa za ki ba da darasi da safe ki riski zaman kotu da hantsi.

Abin da aka karantar da ku game da ɗan gudun hijira ya fara ne daga Yarjejeniyar Janiba ta 1951. Shi kuwa wanda zai zo hannunki, a harasa, wato ɗakin tsarewa na 'yan sanda, za ki same shi, an buɗe masa balagi, wato ƙarar laifi, a ƙarƙashin dokar fasfo da shige da fice ta 2015 cewa ya shigo ƙasa ba izini. A idon ɗan sanda mai laifi ne kawai. Saboda haka littafin da za ki fara haddacewa shi ne dokar tsarin shari'ar laifuka ta 1991. 'Yan sanda suna da awa 24 su riƙe mutum don bincike. Wakilin niyaba, wato mai gabatar da ƙara, na iya ƙarawa, kada ya wuce kwana 3. Daga nan sai alƙali, mako-mako, jimla mako 2. Bayan haka babban alƙali ne ke sabunta tsarewar duk mako 2 ga wanda aka riga aka tuhuma, kuma ba ta haura wata 6 sai da yardar shugaban ma'aikatar shari'a. Ɗaukaka ƙara kwana 15 ne daga ranar da aka sanar da hukunci. Waɗannan lambobi su zauna miki a ka. Ki haɗa da dokar ta-ɓaci ta 1997 da umarnin da gwamnonin jihohi ke fitarwa a ƙarƙashinta, domin tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 kama mutane da yawa a kansu ake dogara, kuma umarnin Kasala daban, na Gadarif daban.

Ga yadda abin ke tafiya a mafi yawan lokuta. An tare mota a kan hanya, an sauke samari da 'yan mata 'yan Eritiriya ko Habasha. Washegari ko jibi a kai su gaban alƙali a gungu, a yi musu shari'ar taƙaice, wadda ake ce wa ijaziyya. A tambaye su ko sun shigo da fasfo, su ce a'a. A yanke tara ko ɗauri, a haɗa da umarnin kora. Duk wannan na iya ƙarewa kafin shayin Maulana alƙali ya huce. Aikin lauya a nan shi ne ya isa kafin zaman, ya ga kowane ɗaya shi kaɗai, ya tabbatar an rubuta a cikin bayanan kotu cewa mutumin nan yana neman mafaka, ya sanar da Mu'utamadiyya, wato hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa da aka kafa tun 1967, a rubuce ba ta waya kawai ba. Dokar mafaka ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 1974, ta hana a hukunta mai neman mafaka don ya shigo ba izini muddin ya gabatar da kansa ga hukuma cikin wata guda, kuma sashe na 33 na yarjejeniyar 1951 ya hana mayar da mutum inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. In an riga an yanke hukunci, ki shigar da ɗaukaka ƙara a ranar, tare da roƙon a dakatar da korar. Kwana 15 na takarda ne. Motar da ke zuwa iyaka ba ta jiran su cika. A watan Mayun 2016 an mayar da 'yan Eritiriya sama da 400 ƙasarsu bayan irin waɗannan shari'u, a cikinsu har da waɗanda ke da rajistar gudun hijira.

Sai bayan kin iya wannan ne ilimin yarjejeniyoyi zai fara yi miki amfani. Sudan ta shiga yarjejeniyar 1951 a 1974, amma ta ƙi ɗaukar sashe na 26 mai ba da 'yancin zirga-zirga. Wannan ne tushen tsarin sansani: ɗan gudun hijirar da aka yi wa rajista a Shagarab ko Wad Sharifai ko Um Rakuba ba ya barin wurin sai da takardar izini, in ya fita ba ita ya shiga laifi ko da katinsa na aljihu. Da yawa daga cikin waɗanda za ki kare ba sababbin shigowa ba ne. Wasu an haife su a sansani, iyayensu sun zo tun 1967 ko a yunwar 1984 da 1985, ba su taɓa ganin Eritiriya ba. A kansu za ki ci karo da maganar ƙarewar matsayin gudun hijira: an ayyana ƙarshen matsayin 'yan Habashan da suka gudu kafin 1991 a shekarar 2000, na 'yan Eritiriyan yaƙin neman 'yanci a ƙarshen 2002. Ki kuma riƙe Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 da kyau, don ma'anarta ta fi faɗi. Ta 1951 tana neman tsoron tsanantawa saboda launi ko addini ko ƙasa ko ra'ayin siyasa ko zama cikin wani rukunin jama'a. Ta Afirka ta ƙara wanda mamaya ko hargitsin da ya dagula zaman lafiya ya kora. Da irin wannan ma'ana aka karɓi dubban 'yan Tigirai da suka tsallako ta Hamdayit daga Nuwamban 2020, aka sake buɗe Um Rakuba, aka kafa Tunaidba. Haka kuma da ita Cadi ke karɓar mutanenmu a Adire yau.

Sauraron labarin mutum sana'a ce mai zaman kanta, ba a koyar da ita a aji. Saurayin Eritiriya zai ce miki ya gudu daga aikin ƙasa na dole. A rubuce wata 18 ne, a aikace ba shi da ranar ƙarewa, kuma wanda ya gudu aka mayar da shi ya san abin da ke jiran sa. To amma jami'in da ke tantance shi zai gwada labarin da ƙananan abubuwa: zagaye na nawa ya shiga sansanin horon soja na Sawa, wace runduna, ta wace hanya ya fito. Ki yi masa waɗannan tambayoyi kafin a yi masa su, ba don ki gyara masa labari ba, don ki gano inda ruɗu yake. Ruɗu da yawa ba ƙarya ba ne. Kalandar Habasha tana bayan ta Miladiyya da shekara 7 ko 8, watanninta 13, kuma lissafin awa a can yana farawa ne daga wayewar gari, sai mutum ya ce ƙarfe 1 yana nufin ƙarfe 7 na safe. Sunan uba shi ne suna na biyu, na kaka na uku, mace ba ta ɗaukar sunan miji. Tafinta mara kula zai mayar da waɗannan saɓani a cikin fayil, saɓani kuwa shi ke kashe buƙatar mafaka. Ki san wane ne tafintanki, daga wane ɓangare yake, domin mai magana da Tigiriniya ba zai saki baki gaban wanda yake zargin ɗan leƙen asirin gwamnatinsa ne ba. Kasancewarki mace zai buɗe miki ƙofar da ba ta buɗe mana ba: yarinyar da aka tsare a gidan masu garkuwa ba za ta gaya wa namiji abin da aka yi mata ba, sau da yawa ko ɗan'uwanta bai sani ba. Kada ki matsa a zama na farko.

A nan ne za ki bambanta fasa-ƙwaurin mutane da safarar mutane. Na farko ciniki ne, mutum ya biya a tsallakar da shi. Na biyu akwai yaudara ko tilas da nufin ci da gumin mutum, kuma shi ne dokar yaƙi da safarar mutane ta 2014 ta tanadar wa ɗaurin shekara 3 zuwa 10, ko 5 zuwa 20 ko kisa in laifin ya tsananta. A gabashin Sudan tafiya kan fara da na farko ta ƙare da na biyu, a tsare mutum a riƙa kiran danginsa a Turai su turo kuɗin fansa. In an kuɓutar da su kuma, sai ki ga an tuhume su da shigowa ba izini, shaidun da za a buƙata a kan masu laifin an kore su kafin a fara shari'a. Duk wanda ke da rauni a jiki, ki nemi a cika masa Urnik 8 nan take, takardar likita ta 'yan sanda. In tabo ya warke hujja ta tafi.

Akwai ɓangaren da ba ki ambata a tambayarki ba, kuma ina ganin shi zai fi cika miki ofis, tunda ke Bahausa ce kuma labari zai bazu a unguwa cewa 'yar wane ta zama lauya. Jinsiyya, wato zama ɗan ƙasa. Mutanen da za su zo da wannan ba baƙi ba ne, a nan aka binne kakanninsu, amma dokar baƙi ce ke hawa kansu ranar da aka tambaye su takarda ba su da ita.

Ki san tarihin ranakun. Dokar jinsiyya ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897. Yaƙin Burmi, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, a 1903 aka yi shi. Jama'ar da suka biyo ɗansa Mai Wurno suka kafa garin Maiwurno a bakin kogi kusa da Sinnar bayan nan suka iso. Ke nan ranar nan da aka sa a cikin doka ta bar su a waje. Daga baya aka matso da ranar zuwa 1 ga Janairun 1924, sai ta bar waɗanda suka zo aikin auduga bayan an gama madatsar Sinnar aka buɗe aikin Jazira a 1925. Dokar 1994, wadda ake aiki da ita yanzu, ta mayar da ranar 1 ga Janairun 1956. A takarda wannan ya rufe maganar ga kusan duk Hausawan Sudan. Abin da bai rufu ba shi ne ɗabi'ar ofis: jami'i ya tambayi ƙabila, da ya ji amsa sai ya ƙara neman hujjar da bai nema wajen wanda ke gabanki a layi ba. Dokar ba ta jera ƙabilu ba. Zama a ƙasa ta ambata, da haihuwa, da uba. Ki riƙe wannan, ki faɗe shi cikin ladabi, ki nemi in za a ƙi a ƙi a rubuce, domin abin da aka rubuta ne ake iya ƙalubalanta a matsayin hukuncin gudanarwa.

Shari'ar jinsiyya tattara hujja ce. Takardar jinsiyyar uba ko baffa ko ɗan baffa, tunda dangin uba ake nema su yi shaida. Wasiƙar shehun unguwa ko umda, wato dagaci. Takardar hawasha, wato gonar aikin Jazira, rasit ɗin haraji, takardar makarantar firamare, takardar sallama daga soja ko jirgin ƙasa, takardar aure. Tsofaffi na ajiye waɗannan a ƙasan akwati ba su san darajarsu ba. Ki je gidan da kanki, ki zauna da kaka, ki sa a buɗe akwatin. Wanda ba shi da takardar haihuwa ana yi masa ta ƙiyasin shekaru wajen kwamitin likitoci, shi ya sa rabin ƙasar nan aka haife su ranar 1 ga Janairu. Tun da aka yi dokar rajistar jama'a ta 2011, lambar ƙasa, rakam watani, ta zama mabuɗin komai: jarrabawar sakandare, fasfo, asusun banki, layin waya. Yaro ɗaya da ba shi da ita, karatunsa ya tsaya.

Kada ki manta da ɓangaren uwa. Gyaran 2005 ya ba ɗan da uwarsa 'yar Sudan ce ta asali damar samun jinsiyya in ya nema, kuma tsarin mulkin 2005 ya ambaci uwa da uba tare. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, har da wasu ma'aikata. Gyaran 2011 kuma ya zare jinsiyya kai tsaye daga duk wanda aka ɗauka ya samu ta Sudan ta Kudu, ko a doka ko a aikace, ya jefa 'ya'yan auren gauraye cikin rashin ƙasa. A 2018 kwamitin Tarayyar Afirka mai kula da haƙƙin yara ya samu Sudan da laifi a shari'ar wata yarinya da uwarta 'yar Sudan ce, ubanta ɗan kudu, aka hana ta lambar ƙasa lokacin da take neman shiga jami'a. Ki karanta wannan hukunci tun daga farko har ƙarshe, ya ishe ki darasin mako biyu a aji.

Wani abu kuma da zan ja kunnenki a kai. Bayan rikicin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Nilu Shuɗi a Yulin 2022, da abin da ya biyo baya a Wad al-Mahi a Oktoba, inda aka rasa ɗaruruwan rayuka, maganganu uku sun cakuɗe a bakin jama'a: jinsiyya, da sarautar gargajiya, da mallakar ƙasa. A doka abubuwa uku ne daban, kowanne da dokarsa da hukumarsa. Mai zuwa wajenki zai kawo su a dunƙule cikin ɓacin rai. Ke ce za ki warware masa su, ki gaya masa wanne kotu za ta saurara, wanne kuma sai zaman sulhu.

Yaƙi ya ninka wannan aiki. Wanda ya gudo daga Hartum a 2023, ya sake gudu daga Madani a Disamban wannan shekara, ya kuma gudu daga Sinja a tsakiyar 2024, da wuya a ce takarda ta rage masa. Bai tsallaka iyaka ba, don haka yarjejeniyar 1951 ba ta shafe shi ba. Abin da za ki riƙe shi ne Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasa, na 1998, waɗanda Francis Deng, ɗan Sudan a lokacin, ya jagoranci tsarawa. Ƙa'ida ta 20 ta ce hukuma ta sabunta musu takardun da suka ɓata ba tare da sharaɗi mai wuya ba, kamar a ce sai mutum ya koma garinsu. Rashin takarda a shingen bincike yau na iya kai mutum ga tuhumar haɗa kai da abokan gaba a ƙarƙashin sashe na 50 da na 51 na dokar laifuka ta 1991, masu hukuncin da ya kai kisa. Irin wannan fayil ba na sabuwar lauya ba ne ita kaɗai. Ki riƙe wa lauyan da ke horar da ke jaka, ki rubuta, ki saurara.

Dokar haƙƙin ɗan Adam ta duniya tana da gurbi a kotunmu, amma sai an iya shigar da ita. Sashe na 27 na tsarin mulkin 2005 ya ce haƙƙoƙin da ke cikin yarjejeniyoyin da Sudan ta amince da su ɓangare ne na kundin haƙƙoƙi, takardar tsarin mulki ta 2019 ta maimaita hakan. Sudan ta shiga yarjejeniyar haƙƙin jama'a da siyasa da Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam a 1986, ta haƙƙin yara a 1990, ta hana azabtarwa a 2021. Ba ta shiga ta kawar da wariya ga mata ba, ba ta kuma shiga yarjejeniyoyin marasa ƙasa na 1954 da 1961 ba. Kada ki kafa hujja da su kamar sun ɗaure alƙali, zai gane, kuma daga ranar ba zai ƙara sauraron ki da kunne biyu ba. Ki fara da sashen dokar gida, ki biyo da hukuncin Kotun Ƙoli daga mujallar hukunce-hukunce, yarjejeniya ta zo a ƙarshe cikin layi biyu. Sababbin lauyoyi na son yi wa Maulana lacca. Ba ya so, kuma wanda kike karewa ne zai biya.

Ƙofar waje da ke buɗe ita ce Hukumar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da ke Banjul, bayan an ƙure hanyoyin gida ko an nuna babu su. Ta samu Sudan da laifi a 2003 kan bulalar da aka yi wa wasu ɗalibai mata, da kuma a 2009 kan Darfur. A 2009 ɗin dai ta yi watsi da ƙarar da aka kai a madadin 'yan gudun hijirar Habasha kan ƙarewar matsayinsu, don ba ta gamsu an tilasta musu komawa ba. Wannan na biyun ya fi koyar da lauya. Shari'a a can tana cin shekaru, hukuncin kuma shawara ce ga gwamnati. Ki gaya wa mai ƙara haka tun ranar farko.

Yanzu koyarwa. Mataimakiyar malami ana ba ta tattaunawar ƙananan rukuni da gyaran takardun jarrabawa, wani lokaci a jibga mata kwas ɗin da babban malami ya bari ya tafi Alƙahira ko Riyad. In kin samu aji, ki kawo musu fayil. Ki cire suna da gari da duk abin da zai sa a gane mutum, ki canza abin da ba ya taɓa hukunci, ki ba su takardar tuhuma da bayanin kotu, ki ce su rubuta ɗaukaka ƙara a shafi ɗaya. Wani ya zama niyaba, wani lauya, wani tafinta. A mako uku za ki ga wanda ya fahimci bambancin mai neman mafaka da ɗan gudun hijira da wanda haddar ma'ana kawai ya yi. Garuruwan gabas ƙanana ne, kowa ya san kowa, don haka fayil ɗin da ke gaban kotu yanzu kada ya shiga aji ko da an sauya suna. Ki tuna kuma cikin ɗalibanki akwai wanda ya kwana a makarantar da aka mayar matsuguni, akwai wanda ɗan'uwansa ke tsare, akwai mai goyon bayan wannan ɓangare da mai goyon wancan. Ki tsaya a kan nassi da hukunci. Ra'ayinki kan yaƙi ki bar shi a gida.

Amfanin ajin gare ki shi ne zai tilasta miki karatu. Lauyan da ke kotu kullum yakan tsaya a kan sassa goma da ya saba da su, ɗalibi kuwa zai tambaye ki abin da ba ki shirya ba. Kuma in kina son jami'a ta zama gidanki, sai da digiri na biyu, ba a zama malama da na farko. Ki zaɓi batunsa daga abin da kika gani: yadda ake tabbatar da jinsiyya a aikace, ko shari'ar taƙaice da umarnin kora. An rubuta kaɗan a kan waɗannan da Larabci, kuma wanda ya zauna a kotun Kasala shekara guda yana da abin da mai zaune a Landan ba shi da shi. Ingilishinki ki gyara shi sosai, domin tsofaffin hukunce-hukuncenmu kafin dokokin shari'ar Musulunci na Satumban 1983 da yawansu da shi aka rubuta, haka ma jagororin Mufawwadiyya, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Gaisuwa da ƙirga da Tigiriniya kuwa za ki tsince su a wata biyu in kin sa kunne.

Kuɗi babu a shekarun farko, a ofis ko a jami'a. Ƙungiyoyin agaji masu ba da taimakon shari'a sun fi biya, kuma za su neme ki da zarar kin samu lasisi. Ba laifi ba ne ki je, amma ki duba ko aikin zai kai ki gaban alƙali ko kuwa cika rahoto ne da taron bita. Kwangilarsu ta 'yan watanni ce, tana ƙarewa ranar da mai ba da tallafi ya janye. Shari'ar aure da gado da haya kada ki raina su, su ne ke biyan kuɗin ofis, kuma baƙo ma yana aure yana haya. Dillalai za su zo miki da maganar kai mutane Kanada ko Amurka, su ce sa hannunki kawai suke so. Sake tsugunar da ɗan gudun hijira a ƙasa ta uku kyauta ne, lauya ba shi da iko a kansa, kuma waɗanda ke samu a duniya ba su kai 1 cikin 100 ba a shekara. Duk wanda ya biya, an cuce shi; duk lauyan da sunansa ya fito a ciki, ya gama aiki a wannan fanni.

Ki kula da kanki. Wayarki za a iya bincika ta a kowane shinge, don haka sunaye da hotunan masu ƙara kada su zauna a cikinta. Abin da kika gani a harasa ki rubuta shi da rana da awa a littafin ofis, ba a Facebook ba. Ziyarar wurin tsaro ki tafi da katin horonki da wasiƙar ofis, wani ya san inda kika nufa da lokacin da ya kamata ki dawo.

Kafin ki ba lauyan Kasala amsa, ki je da mahaifinki ko wani babba ku gaisa, sannan ki tambaye shi abubuwa kai tsaye: zai yi rajistar horonki wajen kwamitin karɓar lauyoyi tun watan farko, don kada shekarar ta tafi ba a lissafa ba? Zai riƙa shiga da ke kotu da harasa, ko ajiye ki zai yi kina buga takardu? Zai duba abin da kika rubuta ya gyara da biro? Zai bar miki ranar koyarwa? In ya amsa waɗannan, ki kai wa shugaban sashe buƙatarki a rubuce, ki nemi a tara miki darussanki ranar Alhamis, ki kwana biyu a gida, Asabar da rana ki kama motar Kasala.